Yadda Za Ka Raba Harkarka Da Riba Duk Da Ƙurar Ƙarshen Zamani

Akwai wata magana da ta yi yawa a bakin mutanenmu nan Damagaram, in ka taɓo zancen kuɗin ruwa a majalisa ko a wata rumfa cikin kasuwar Dole sai wani ya ce to malam ai ƙarshen zamani ne, Annabi ma ya faɗa ba wanda zai tsira kowa sai ƙurar riba ta same shi, shikenan an rufe magana an koma shan shayi. Wallahi wannan maganar tana ci mini rai, saboda an ɗauki hadisin da ya zo don a tsoratar damu an mayar dashi takardar izini. Shi yasa nake so mu bi abin daki daki, daga hadisin har zuwa buhun geron da ke ɗakinka da kontinka na banki, ka ga inda zaka iya gyarawa tun yau ba sai ka jira duniya ta canza tsari ba.

Fara da gyara fahimtarka akan hadisan tukuna. Wanda aka fi kawowa shine na Abu Huraira da ke cikin Abu Dawud da Nasa'i da Ibn Majah, ma'anarsa wani zamani zai zo wa mutane ba wanda zai rage sai ya ci riba, wanda bai ci ba ƙurarta zata same shi. Malaman hadisi sun yi magana akan isnadinsa wasu sun raunana shi, saboda haka in zaka kafa hujja kafa da wanda ba tantama, na cikin Bukhari, cewa zamani zai zo da mutum bazai damu da inda ya samo dukiya ba, ta halal ce ko ta haram. To ko na farkon ne ka riƙe ka duba da kyau, mutum biyu aka ambata, mai ci da wanda ƙura ta taɓa, kuma ba ɗaya suke ba. Lokacin hunturu in hazo ya rufe garin nan kowa yana shaƙar ƙura ko ya naɗa rawani ko bai naɗa ba, amma ba mai hankalin da zai ce tunda haka ne bari in ɗebi ƙasa in zuba a baki. Albashinka ya biyo ta banki, shinkafar da ka saya ɗan kasuwan da ya shigo da ita da kiredi ya shigo da ita, hanyar da motarka take bi da bashin ƙasar waje aka yi ta, wannan duk ƙura ce ba kai ka ƙulla ba. Amma ka je da ƙafarka ka sa hannu a takarda, ko ka ba maƙwabcinka jikka 10 ya dawo maka da 12, wannan ci ne, kuma hadisin Jabir a Sahihu Muslim ya tsine wa mai ci da mai bayarwa da mai rubutawa da shaidu biyu, ya ce duk ɗaya suke.

Sannan ka yi hattara da irin odiyo da bidiyon da ake turowa a WhatsApp, wanda za a ce maka kuɗin takarda shine Dujal, ko shekara kaza za a tashi alƙiyama saboda dalar Amurka zata faɗi. Gaskiya ne a 1971 Amurka ta raba dalarta da zinariya, gaskiya ne rikicin kuɗi na 2008 daga bashin gidaje ya taso can Amurka ya girgiza duniya, mu nan ma iyayenmu basu manta da watan Janairun 1994 ba da aka wayi gari sefa ta rasa rabin darajarta, kuma Nijar saida aka yafe mata wani kaso na bashi a 2004 saboda nauyin ya fi ƙarfinta. Duk wannan ya isa ya nuna maka tsarin da kuɗi ke haihuwar kuɗi, mai bayarwa bai san asara ba mai karɓa shi ke ɗaukar duk wahala, tsari ne da ke tattara dukiya daga hannun mai gumi zuwa hannun mai ajiya, kuma malamai suna da gaskiya da suke sukarsa. Amma haɗa wannan da wata alama takamaimai ace ga fassararta, wannan ra'ayin mai magana ne ba nassi ba, kuma lokacin alƙiyama ko Jibrilu da ya tambayi Annabi (SAW) cewa yayi wanda ake tambaya bai fi mai tambaya sani ba. Abin da nake gani yana faruwa shine mutum ya kwana yana zagin FMI, wato asusun ba da lamuni na duniya, da Bankin Duniya, da safe kuma ya ba ɗan ƙauye gero tiya 10 a kaka ya karɓi 15.

To mu shigo gida. Ka samu takarda da biro ka rubuta duk wata harka da ta haɗa ka da wani wadda akwai jinkiri a cikinta, wanda kake bi da wanda ke binka, bashin butiki, adashi, avansi, gonar da ka riƙe, babur ɗin da ka ba yaro yana kabu-kabu, komai. Kowace ɗaya ka yi mata tambaya guda, shin akwai ƙari da aka shardanta saboda lokaci akan bashi? Ƙarin ba dole sai kuɗi ba, yana iya zama hatsi, yana iya zama aikin gayya a gonarka, yana iya zama ace sai dai ka sayar mini da gyaɗarka a farashin da na ga dama. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya wuce ta wurin da aka ce rancen da ke jawo amfani baya halatta, mun karanta mun wuce ne kawai bamu ɗauka da kasuwarmu ake ba. In amsar eh ce ka sa mata alama, ita za a fara yi wa aiki.

Inda abin ya fi zafi a yankinmu shine bashin damina, kuma anan nake so mu daɗe. Daga watan Yuni zuwa Agusta rumbu ya ƙare, manomi daga wajen Miriya ko Magarya ko Matamai yana buƙatar abin da zai ci yayi noma, sai ya zo wurin mai hali a bashi buhu ɗaya a kaka ya biya ɗaya da rabi wani lokacin har biyu. Mai bayarwar zai ce maka ai ba zalunci nayi ba, buhun da na bashi da tsada yake a lokacin, wanda zai dawo mini dashi kuma lokacin araha ne. Hujjar tana da daɗin ji amma hatsi da hatsi da ƙari da jinkiri riba ce ta kowane gefe. Hadisin Ubada ɗan Samit ya ambaci abu shida, zinariya, azurfa, alkama, sha'ir, dabino da gishiri, ya ce daidai wa daida hannu da hannu, malamanmu na Malikiyya kuma suka ce duk abincin da ake rayuwa akansa ana kuma iya ajiye shi ya shiga ciki, kenan gero da dawa da shinkafa da wake basu fita ba. Wanda ya ga yunwar 2005 a jihar nan ya san gidaje nawa irin wannan bashin ya bari suna noma wa wani shekara da shekaru.

Hanyar fita akwai ta har uku. In don Allah zaka taimaka, ka bashi tiya 40 ya dawo maka da tiya 40, ladanka yana wurin Allah kuma hatsinka ya dawo sabo. In kasuwa kake so, sayar masa da buhun da kuɗi, ku yanke farashi tun yau ko da ya ɗara na hannu, ku sa ranar biya, misali jikka 30 zuwa bayan girbi, ranar nan kuɗi zaka karɓa kuma ko ya makara jikka 30 ɗin nan ce bata ƙaruwa, sai dai ka kiyaye kar ranar biya ka ce to kawo gero a madadin kuɗin don a mazhabarmu wannan komawa ne ga hatsi da hatsi ta bayan gida, ka bari ya sayar ya kawo maka kuɗinka. Ta ukun ita ce salam, wadda ni a ganina ita ta fi dacewa da manomanmu kuma an yi watsi da ita. Annabi (SAW) ya tarar da mutanen Madina suna biyan kuɗin dabino tun kafin shekara ɗaya ko biyu, bai hana ba, ya ce dai a yi da ma'auni sananne da nauyi sananne zuwa lokaci sananne. Yadda zaka yi shine ka ba manomi kuɗi a hannu gaba ɗaya, ku rubuta zai kawo maka gero buhu kaza mai tiya kaza iri kaza a wata kaza a wuri kaza, ba za a ce daga gonar wane ba don in gonar bata yi ba yana iya sayowa a kasuwa ya cika alkawari. Shi ya samu kuɗin abinci da taki, kai ka samu rangwame, in kaka ta zo farashi ya faɗi ƙasa da yadda ka saya kai ka ɗauki asara, wannan yiwuwar asarar ita ta sa abin ya zama ciniki. Amma don Allah kar ka fake da salam ka sayi buhu a kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsa saboda ka ga mutum cikin yunwa, ka tsira daga riba ka faɗa zalunci.

Masu bankin cimaka na ƙauyuka da ƙungiyoyin mata suma su duba wannan, in ana ba da tiya 10 a karɓi 11 da sunan kar rumbu ya mutu, gara a koma sayarwa da kuɗi da ɗan rangwame, ribar cinikin ta riƙe rumbun.

Sai jinginar gona. Mutum ya karɓi jikka 200 ya ba da gonarsa, mai kuɗin yayi ta noma yana kwashe amfani shekara biyar shekara goma, ranar da mai gona ya samu kuɗi kuma sai ya biya jikka 200 ɗin cif. To amfanin shekarun nan na menene in ba kuɗin ruwa ba? Jingina a shari'a tabbaci ce kawai don kar kuɗinka ya salwanta, amfanin gonar na mai ita ne. In kai ke buƙatar kuɗi, ka ba da hayar gonar shekaru sanannu da kuɗi sanannu, in shekarun sun cika gonarka ta dawo ba bashi a kanka. In kai ke riƙe da gonar wani yanzu haka, ka tafi dashi wurin malamin da ya san babin ciniki ku yi lissafin abin da ka ci a cire daga bashin, zai yi ɗaci amma ya fi a yi wannan lissafin a inda ba sefa ba naira.

Yanzu canji, tunda rabin kasuwancinmu da Kano da Daura da Mai'aduwa ne. Majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta yanke cewa kuɗin takarda hukuncin zinariya da azurfa garesu wajen riba da zakka. Kenan sefa da naira jinsi biyu ne, ku yi farashin da kuka yarda dashi ba laifi, amma kar ku rabu sai kowa ya karɓi nashi. In ta waya ne, ka tsaya har saƙon shigar kuɗin ya zo kafin ka bar wurin, ba wai ka miƙa sefa yau ace naira sai jibi in yaro ya dawo daga Ɗan Barto ba, kuma ba a canji bashi. Sefa da sefa kuwa dole daidai, ka ba da takardar jikka 10 a baka canjin jikka 9 da rabi wannan ƙarin riba ne komai ƙanƙantarsa, haka masu sayen sababbin takardu don liƙi a biki. Kuɗin da kake biyan masu aika kuɗi don su kai maka Yamai ko Agadas wannan ladan aiki ne ba shi ake magana ba. In kuma ka ranta wa mutum naira ta faɗi kafin ya biya, abin da ka bashi shi zaka karɓa, saboda haka tun farko ka zaɓi kuɗin da zaka yi rancen dashi, in ranar biya kun yarda ya biya da sefa sai ku yi da farashin wannan ranar ku rabu ba saura.

Iyayenmu mata da ƴan'uwa mata, maganar zinariya taku ce. Kai tsohuwar sarƙa a karɓi sabuwa a cika kuɗi, ko a ɗauki ƴan kunne a riƙa biya kaɗan kaɗan, duka biyun akwai matsala. Bilal ya taɓa kawo wa Annabi (SAW) dabino mai kyau, da aka tambaye shi ya ce ya ba da sa'i biyu na maras kyau ya karɓi sa'i ɗaya na wannan, Annabi ya ce masa wannan ita ce riba tsantsa, ka sayar da naka da kuɗi sannan ka sayi wanda kake so. Haka zaki yi hajiya, a auna tsohuwar ki sayar ki karɓi kuɗinki a hannu, sannan ki sayi sabuwar ki biya nan take, in kuɗin bai kai ba ki tara a adashi tukuna.

Adashi kam mafi yawan malaman wannan zamani sun halatta shi muddin kowa abin da ya zuba shi zai kwasa. Inda yake lalacewa shine a ce mai son kwasar farko sai ya bar wani abu, ko a ɗora tara mai ƙaruwa akan wanda ya makara, ko asusun ƙungiya ya riƙa ba mambobi rance jikka 10 a dawo da 11 ƙarshen shekara a raba. Wannan na ƙarshen ya yaɗu sosai cikin unguwanni kuma mata da yawa basu san hukuncinsa ba, sun ɗauka tunda kuɗin nasu ne su ke rabawa ba komai. Gyaransa ƙungiyar ta sayi kaya da kuɗin asusun, buhun sukari ko atamfa ko tunkiyar kiwo, ta mallake shi sannan ta sayar wa mamba da ribar ciniki sananniya zuwa lokaci.

Ma'aikata kuma, malaman lakwal da na likita da masu kaki, ku ne banki ya fi sani. Karɓar albashi ta banki larura ce ba laifinka, amma ka tsaya a konti kuran wanda ba a zuba masa antare wato kuɗin ruwa, kuɗin kula da konti da suke cirewa ladan aiki ne. Abin gudu shine avansin salla da kiredin komawa makaranta da cin abin da ya wuce abin da ke cikin kontinka, don duk da ruwa suke tafe. A 2014 hukumomin kuɗi na yankin UEMOA, wato ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, sun sa iyakar ruwa kashi 15 cikin ɗari a shekara ga bankuna, kashi 24 ga ƙananan masu ba da bashi, sai abin da ya wuce haka doka ta ɗauka laifi, amma shari'a bata da wannan iyakar, kashi 1 ma ƙari ne. Ka yi tunani ɗan'uwa, layya sunna ce ga mai iko, ka ci bashi da ruwa ka sayi rago don yara kar su ga na maƙwabta, ka shiga babban zunubi don ka yi abin da ba a wajabta maka ba kenan. Ka fara ware kuɗin rago da na rantire wato komawa makaranta tun watanni kafin lokaci, ku haɗa adashi a wurin aiki, ku kafa ɗan asusun rance ba ruwa tsakaninku ko da kowa jikka 2 yake sawa a wata, ina tabbatar maka mutum 20 in suka riƙe amana sun isa su fitar da junansu daga ƙananan bashin nan.

In abin babba ne, gida ko mota ko jari, to akwai bankin Musulunci a ƙasar nan wato Banque Islamique du Niger, BCEAO wato babban bankin yankinmu ma ta fitar da ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci a 2018, maƙwabtanmu na Najeriya kuma suna da bankin Jaiz tun 2012. Amma suna kaɗai bai isa ba, kai ma sai ka bincika. In an ce maka murabaha ce, wato su sayi kaya su sayar maka da ribar ciniki sananniya, ka tambaya, su ne zasu sayi kayan su mallaka sannan su sayar mini, ko kuɗi zasu zuba mini in je in saya? Farashin da muka yanke yana ƙaruwa in na makara? In akwai tara ina take zuwa, aljihunsu ko sadaka? Su waye malaman da ke duba musu harka? Ka karɓi takardar ka kai wa wanda ya iya Faransanci da wanda ya san fiƙihu su karanta maka kafin ka sa hannu. Kar ka damu in ka ga farashinsu ya ɗara na kasuwa, sayar da kaya bashi da farashi sama da na hannu ya halatta in an yanke farashi ɗaya tun farko. Abin da zaka guda shine dabarar nan ta a sayar maka da babur bashi jikka 600 nan take mai shi ya saye daga hannunka jikka 500, babur bai motsa ba, kuɗi ne aka baka da ruwa aka sa masa riga.

Mai kuɗin da ke son su yi masa aiki shima ga hanya, ka ba ɗan kasuwa jari ku yi ƙiradi, ribar cinikin a raba rabi da rabi ko yadda kuka yarda, in asara ta zo ba da sakacinsa ba kai ka rasa kuɗi shi ya rasa wahalarsa. Da zarar ka ce ni dai duk wata ka bani jikka 20 kuma uwar kuɗina tana nan ko me ya faru, ka koma rance da ruwa ko da sunan haɗin gwiwa kuka kira shi. Da wannan ma'aunin zaka gane masu zuwa ta intanet suna cewa zuba 100 ka kwashi 130 a wata, irin MMM da ta rufe da kuɗin mutane a Najeriya ƙarshen 2016, ba kaya ba sana'a sai alkawarin ƙari.

To wanda ya riga ya shiga fa? Kar ka yanke ƙauna kuma kar ka ce tunda na jiƙe bari in ƙarasa. Ayoyin ƙarshen Baƙara daga ta 275 zuwa ta 281 ka zauna ka karanta su da tafsiri, a ciki Allah ya yi shelar yaƙi ga wanda ya ƙi bari, a ciki kuma ya ce in kun tuba kuna da uwar dukiyarku, baku zalunta ba a zalunce ku ba. In kai ne mai bayarwa, daga yau ka yafe duk ƙarin da ya rage ka karɓi abin da ka bayar kawai, wanda ka riga ka karɓa daga mutanen da ka sani ka mayar musu ko ga magadansu. Annabi (SAW) a hajjin bankwana da ya soke ribar jahiliyya da ta baffansa Abbas ya fara, kai ma fara da ta cikin danginka wadda ta fi wuyar faɗa. In antare ne banki ya zuba maka kar ka ci kar ka bar musu, ka cire ka sa a abin amfanin jama'a ko ka ba mabuƙaci, ba da niyyar sadaka ba da niyyar rabuwa dashi. In kai ne ake bi, ka tuba, kar ka ƙara sabon kiredi don biyan tsoho, ka je ka tambaya ko in ka biya da wuri za a rage maka ruwan, in akwai fili ko dabba da zaka iya sayarwa ka fita ka sayar, in babu ka ci gaba da biya kana neman mafita. Maganar larura kuma kar ka yanke wa kanka hukunci, rashin lafiyar da zata kai ga rasa rai daban kayan ɗakin amarya daban, ka kai wa malami mai tsoron Allah ka faɗa masa gaskiyar halinka.

Akwai ɓangaren da bamu cika faɗa ba kuma shi ke tura mutane banki, mun kashe rance da hannunmu. Ana cewa bashi hanji ne yana cikin kowa, amma yau in ka ranta wa mutum sai ka koma kai ke bin sa kana lallashi, ya ganka ya canza hanya, shi yasa masu hali suka rufe hannu talaka kuma ya tafi inda za a bashi da ruwa. In kana so riba ta ragu a unguwarku daga Birni har Zango har Garin Malam to ka zama mai biya akan lokaci, Annabi (SAW) ya ce jinkirin mai hali zalunci ne, shi da kansa ya ranci ɗan raƙumi ya biya da wanda ya fi shi, wanda ke nuna in ka ƙara wani abu don kanka ranar biya ba tare da sharaɗi ko al'ada ba wannan kyautatawa ce. Mai bin bashi kuma aya ta 280 ta ce in wanda kake bi yana cikin ƙunci ka jira shi har ya samu sauƙi.

Kuma ku rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, akan rubuta bashi ta sauka, amma mu sai kunya ta hana mu, wai kar ɗan'uwa ya ce ban yarda dashi ba. Ka sa wannan ya zama ƙa'idarka ga kowa har ƙaninka uwa ɗaya uba ɗaya sai ba wanda zai ji haushi, a rubuta sunan mai bayarwa da mai karɓa, nawa ne, sefa ce ko naira ko tiya, ranar biya, shaidu biyu su sa hannu, da boko ko da ajami duk ɗaya, kowa ya ɗauki hoton takardar a salularsa, sannan ka nuna wa matarka ko babban ɗanka inda kake ajiye ta don in ta Allah ta kasance a san abin da za a biya kafin a raba gado.